Sirdin Turawa a Bayan Akawal

Da can, in baƙo ya sauka a tashar Talata Mafara ya ce a nuna masa gidan Mai Sirdi, ba wanda zai tambaye shi wanne. Ko mai sayar da rake zai miƙa baki ya ce ka bi ta bayan kasuwa, inda ka ga fatu shanye a ƙofar zaure, to nan ne. Sunan na kakan Bawa ne, ya sauko kan ubansa, ya sauko kan Bawa, har ta kai matarsa Taiba ma in za a kwatanta ta a gidan biki sai a ce matar Mai Sirdi. Bawa bai da mota, bai je Makka ba, 'yar gonarsa ta bakin ruwa ba ta wuce a ci a gode Allah ba. Sunan nan shi ne abin da ya mallaka, kuma yana ji da shi fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji da abin duniya.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, babban yatsansa na dama ya karkace saboda turin basilla. Sirdin gida yake yi, irin wanda ya gada: ya sassaƙa itace, ya lulluɓe shi da ɗanyar fata, ya bar ta ta bushe ta kama, sannan ya zauna ɗinki. A wurinsa mahayi ake aunawa. Tun mutum na tahowa daga nesa Bawa zai ƙare wa ƙugunsa kallo, kafin a gama gaisuwa ya riga ya san girman sirdin da zai ci. Doki kuwa ba a wahalar da kai a kansa, kuhu ya ishe shi, wato shimfiɗar nan mai kauri da ake sa wa a ƙarƙashin sirdi. In doki ya rame a ƙara, in ya yi ƙiba a rage, shi ke nan. Da haka ya ɗaura wa mutanen Damaga da na Jangebe da na Maradun sirdi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙara. Daga baya babura suka cika gari, hanyoyin daji suka lalace, dawaki suka ragu, amma dai ranar Talata ba a rasa mai neman gyaran majayi, wato ɗamarar sirdi, ko likkafa.

Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Sadi. Shi wannan tun suna yara hannunsa bai zauna a ɗinki ba, in an ba shi basilla kansa zai soka. Ubansu ya yi faɗa har ya gaji, Sadi ya kama hanyar Kaduna, ya sami aikin kula da dawakin masu wasan ƙwallon dawaki, ya daɗe can har furfura ta fito masa. Da maigidansa ya sayar da dawakin, sai ya tattaro iyalinsa ya dawo gida. A yi wa Bawa adalci, ya yi murna ta gaskiya. Ya yanka kaji, ya raba gidan gado biyu da katanga, da hannunsa ya taya aka fasa wa Sadi ƙofa kusa da tasa. A ransa yana cewa to, ga Sadi ya dawo da tsufa ba sana'a, sai a riƙa taimaka masa da abin cefane.

Ashe Sadi ya dawo da sana'a, a naɗe cikin jaka, ba ta wuce 'yar waya mai laushi da guntun kwali ba.

A shekarun nan samari masu sukuwa sun fara sayo sirdin Turawa na gwanjo, saboda ba shi da nauyi, doki ya fi sakewa da shi. Sun saya dai, amma ba wanda ya san yadda ake zaunar da shi. Ɗaya ya ji labarin Sadi, ya gaya wa ɗaya, kafin kaka ta zagayo sai ga dawaki a layin gidan Mai Sirdi kamar da. Sai dai ba ƙofar Bawa suke tsayawa ba. Za su sauka, su durƙusa a bakin zaurensa da ladabi.

"Baba Bawa, an tashi lahiya? Ya aiki? Ya iyali? Ya ƙoƙari?"

Bawa zai amsa ɗaya bayan ɗaya, yana gyara zama, yana satar kallon ƙugunsu. Sai a ƙarshe su ce, "Ko Baba Sadi na ciki?"

Wannan tambayar ita ta riƙa cinsa. Yana zaune yana ɗinkin da bai da gaggawa, idonsa na kan ƙofar maƙwabcinsa. Abin da yake gani kuwa ya isa ya ba shi haushi. Sadi ko kallon mahayi ba ya yi. Zai shafa bayan doki tun daga wuya har kuturi, ya lanƙwasa wayar nan a kan doron doki bayan kafaɗa, ya cire ta a hankali ya zana siffarta a kwali, ya yanka, ya cusa kwalin a bakin sirdi ya ga ko sun dace. Sannan ya ɗora sirdin a bayan doki haka nan ba shimfiɗa, ya zura yatsu uku tsakanin gaban sirdin da doron, ya zagaya ta wajen wutsiya ya sunkuya yana leƙe, wai sai ya hango haske ta ɗaya gefen. In an hau an dawo kuma, ya cire sirdi ya tsaya yana karanta gumin doki, inda ya jiƙe da inda ya bushe. Samari sun kewaye shi sun saki baki.

"Yau ma an yi leƙen gindin doki," in ji Bawa, da ya shiga gida cin tuwo. "Ƙanena ya tahi Kaduna ya koyo duba."

Taiba ta ajiye masa ruwa ta ce, "Malam, kishi kake."

"Ni? Da Sadi? Sadin da na goya?"

Kishi yake mana. Kishi irin mai hana mutum jin daɗin miya. In ya ji dariyar Sadi ta tsallako katanga sai ransa ya ɓaci, in ya ji shiru kuma sai ya ce ko me ake ƙullawa. Abin da ya fi ƙona shi, Sadi bai canza masa ba ko kaɗan. Kullum da safe zai leƙo, "Yaya, an kwana lahiya?" In an kawo masa sirdin gida zai ce a kai wa Yaya, shi bai iya ba. Da ma yana da girman kai ne, da Bawa ya sami abin kamawa.

Ranar da abin ya kai masa ko'ina, wani tsohon abokin cinikinsa ne daga Jangebe ya zo yana dariya, ya ce ya tambayi wata mai tallan gyaɗa gidan Mai Sirdi don tsokana, sai ta ce masa, "Wanne? Na gida ko na Turawa?" Bawa ya taya shi dariyar, har da buga ƙafa. Da mutumin ya tafi, ya zauna ya tasa fatu a gaba bai ɗinka ko ɗaya ba. Da yamma Taiba ta tarar an yanke guntu daga wayar shanyarta, ta yi ta cigiya, maigidan ya ce shi bai san zance ba. Wayar kuwa tana aljihun rigarsa. Ya gwada ta a ɓoye a bayan jakin maƙwabta, ta ba shi wata siffa, ya tsaya yana juya ta bai san abin da zai yi da ita ba. Mai amsar yana nan bayan katanga, in ya ɗaga murya ma zai ji shi. Bawa ya mayar da wayar aljihu.

Gida ɗaya ya rage masa wanda yake jin ba mai taɓa shi, gidan Alhaji Maiwada, babban manomin shinkafa a filayen Bakolori. Kakan Bawa ya ɗaura wa kakan Alhaji sirdi, uba ya ɗaura wa uba. A bargar gidan akwai wani baƙin doki wuluk da ake kira Akawal, wanda Bawa ya sani tun yana duƙushi. Shi ya fara sa masa ragama, shi ya fara ɗora masa kuhu don ya saba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya biya da guntun kanwa a hannu, kuma tun daga ƙofar gida in ya yi gyaran murya Akawal zai amsa da haniniya. Bawa bai cika nuna so ga mutane ba, amma dokin nan ya san yana son sa.

Sai Mukhtar, babban ɗan Alhaji, mai injin casar shinkafa, ya sayo sirdin Turawa don ya shiga sukuwar da ake shiryawa a Bakura. Shi Sadi ya so kira. Alhaji ya ce, "Gidanga tun kakana Mai Sirdi guda munka sani. A kira Bawa." Mukhtar bai yi musu da mahaifinsa ba. Ya zo da kansa, ya yi gaisuwa, Bawa na jiran tambayar da ya saba ji, sai ya ji an ce, "Baba Bawa, Alhaji na son ka zo ka zaunar wa Akawal da sabon sirdi."

Kai, ranar Bawa har rigar Juma'a ya sa. Ya ɗauko kuhun da ya fi kowanne kyau a zaurensa, wanda ya yi wa baki da jar fata, ya rungume. Yana fitowa ya yi kiciɓis da Sadi a ƙofa.

"Yaya, na ji an kira ka. In zo in riƙe maka doki?"

"Ka riƙe wayarka."

Sadi ya dubi kuhun. "Abu guda dai, Yaya. Shi wanga sirdi ba ya son shimfiɗa mai kauri. Ramin da ke tsakiyarsa..."

"Sadi," in ji Bawa, "ina ɗaura sirdi kana tsotson yatsa."

Ya wuce. A barga aka miƙo masa sirdin, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, bai kai nauyin ƙwaryar fura ba. Ya dubi ƙugun Mukhtar, ya dubi mazaunin sirdin, ya ce ya yi daidai. Sannan ya ɗora shi a bayan Akawal, sai ya ga wani dogon rami a ƙarƙashi tun daga gaba har baya, iska na wucewa. Tausayin dokin ya kama shi, wannan gaskiya ne, domin a idonsa an bar bayan doki tsirara ke nan, ƙato zai hau ya zauna a kan ƙashi. Hannunsa ya kai aljihu ya taɓa wayar nan, ya ga idon Mukhtar a kansa, ya janye hannun. Ya shimfiɗa kuhunsa, ya ɗora sirdi a kai, ya tura shi gaba kan kafaɗa yadda ya saba. Da nan ya tsaya, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma maganar Sadi ta faɗo masa, wai ba ya son shimfiɗa mai kauri. Sai ya ɗaga sirdin ya ninka kuhun biyu, ya danna shi cikin ramin har ba sauran inda haske zai bi, ya ja majayi ya ɗaure tam.

Alhaji ya ce, "Madalla. Ka ga aikin manya."

Bawa ya dawo gida ta gaban ƙofar Sadi, a hankali, yana amsa gaisuwar mutane da ƙarfi.

Mukhtar ya shiga horar da doki safe da yamma. Ba a jima ba ya zo ya ce Akawal ya fara kwantar da kunne in ya ga sirdi, yana kaɗa wutsiya, ba ya son miƙe ƙafa. Bawa ya ce sabon abu ne, zai saba, in ya ƙi a ƙara masa shimfiɗa. Mukhtar ya saci kallon ƙofar Sadi, amma umarnin Alhaji ne, ya tafi ya ƙara.

Ranar sukuwa a Bakura, Bawa bai je ba, labari ne ya iske shi. An saki dawaki, Akawal ya yi 'yar tafiya ya turje, ya gantsare baya, ya ƙi gaba ya ƙi baya a gaban jama'a. Mukhtar ya sauka ya kwance sirdi. Da aka ɗaga kuhun sai ga miki biyu, dama da hagu a gefen doro, fata ta saɓule. Sirdin da aka yi shi don ya zauna a naman baya ya bar ƙashi ya huta, an cika masa rami, ya zama matsi, kullum yana cin wuri ɗaya.

Washegari Alhaji ya aika a kira 'yan'uwan biyu. Suka tafi tare. A barga Akawal na tsaye, ƙuda na bin bayansa, kuhun Bawa na yashe a kan turke, jar fatar nan ta bakinsa ba wanda bai san ɗinkin waye ba. Bayan an gaisa Alhaji ya juya wajen Sadi, ba wajen Bawa ba.

"Sadi, mi ya jawo wanga abu?"

Bawa ya sunkuyar da kai yana jira. Ya ma shirya amsar da zai mayar, da zafinta.

Sadi ya lanƙwasa wayarsa a bayan doki nesa da mikin, ya gwada a bakin sirdi, ya ce, "Alhaji, sirdin ya ɗan yi masa kaɗan tun asali. An sayo shi ba a auna doki ba. Sai a bar shi ya huta, ni zan riƙa zuwa ina wanke masa."

Ba ƙarya ya yi ba, amma rabin gaskiyar ya faɗa, kuma duk wanda ke wurin ya san haka. Alhaji ya dubi kuhun, ya dubi Bawa, ya ce Allah shi kyauta. Da za su fita Sadi ya ɗauke kuhun daga kan turke, ya naɗe shi ciki-waje yadda ba a ganin jar fatar, ya miƙa wa yayansa a soro inda ba kowa.

Wallahi da zaginsa Sadi ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ya ƙwace samari, ya ƙwace sirdin Turawa, yanzu kuma ga halin kirki shi ma ya tattara ya riƙe, ya bar Bawa da naɗaɗɗen kuhu a hammata. Har suka iso gida bai ce masa na gode ba. Taiba ta ga fuskarsa, ta ga kuhun, ba ta tambaya ba, ta dai ce ruwan wanka na bayi.

Bawa ya ɗauki makonni bai taka gidan Alhaji ba. Wata Juma'a kewar dokin ta fi ƙarfinsa, ya sayi kanwa ya tafi. Ya yi gyaran murya a ƙofa, bai ji komai ba, ya ce ko yana cin harawa ne. Akawal ya karɓi kanwar a tafin hannunsa, ya lashe tas. Mikin ya warke, amma gashin da ya fito a wurin fari ne, tabo biyu a bayan baƙin doki, waɗanda ake hangowa tun daga bakin titi. Bawa ya kai hannu zai shafa wurin. Fatar dokin ta yi rawa, ya kwantar da kunne, ya matsa har ƙarshen igiyarsa. Bawa na tsaye da hannu a sama sai ga ƙarar silifas daga soro, Akawal ya ɗaga kai ya saki haniniya. Sadi ne ya shigo da ɗan gwangwanin man shafawa.

"Yaya, ashe kana nan."

"Yanzu zan tahi," in ji Bawa.

Alhaji bai daina aiko masa da buhun shinkafa da kaka ba, kuma in sun haɗu a masallaci Mai Sirdi yake ce masa kamar kullum. Gyaran majayi da likkafa ma bai yanke ba. Bawa dai ya rage magana. In Mukhtar ya ratso layin a kan Akawal, da sirdin da Sadi ya auna, da 'yar shimfiɗa marar kauri, sai Bawa ya duƙufa a kan ɗinki har su wuce. Kishin bai bar shi ba, kada wani ya ce ya bar shi. Har yau in ya ji dariya ta tsallako katanga sai ya ja tsaki a hankali.

Wata Talata da hantsi, kasuwa ta fara cika, wani mutum ya tsayar da babur a ƙofar zaurensa. Baƙo ne, daga Maradun ya ce ya fito. A bayan babur ɗin an ɗaure sirdin Turawa da roba, sabo fil, likkafunsa na lilo. Ya cire takalmi, ya yi sallama, suka gaisa, ya tambayi gida da aiki da sanyin safiya, Bawa ya tambayi hanya da mutanen Maradun. Mutumin ya dubi fatun da ke shanye, ya ce, "Nan ne gidan Mai Sirdi ko?"

Amsar tana bakin Bawa, ita yake bayarwa tun ranar da aka binne ubansa. Ba kowa a layin, ƙofar Sadi a rufe take, in ya ce a sauke sirdin za a sauke. Ya dubi ramin nan da ke ƙarƙashinsa, rana na ratsawa ta ciki. Wayar shanyar Taiba tana aljihunsa har yanzu, ya ji ta tana tokarar cinyarsa.

"Ƙofa ta gaba," in ji shi. "Ka ƙwanƙwasa da ƙarfi, yana ciki."

"Allah shi saka da alheri. Malam wa ke nan, in ce wa ya nuna mini?"

Bawa ya ɗauki basilla, ya daɗe yana neman kafar zare.

"Bawa," ya ce.

Mutumin ya ɗan tsaya ko akwai sauran sunan. Da ya ji shiru sai ya sa takalminsa, ya tura babur ɗin zuwa ƙofa ta gaba.